Gombe ba ta da teku, to me ya haɗa mu da dokar jiragen ruwa?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai shagon tayil da kayan gini a cikin garin Gombe. Ya ce ya ji a rediyo cewa a wasu tsibiran Amurka kaya suna tsada saboda wata doka da ta hana jiragen ruwan ƙasashen waje yin dako tsakanin tashoshin ƙasar, kuma an ce mu ma a Najeriya muna da irinta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda dokar da aka yi don kare 'yan ƙasa za ta juya ta cuci 'yan ƙasa, kuma yana so ya san ko tana cikin abin da ke sa kwantenarsa ta iso Gombe da ɗan karen tsada.

Ƙanena, abin da ka ji gaskiya ne, amma yana da sarƙaƙiya. Na yi shekaru ina aikin fiton kaya a tashoshin jiragen ruwa na Apapa (Legas) da Onne (kusa da Fatakwal) da Kalaba kafin in dawo gida in kama harkar dako da tireloli, don haka na ga abin ta bakin ruwa, na kuma gan shi ta kan kwalta.

Mutanen tasha suna kiran irin wannan doka kabotej. Ma'anarta ita ce ɗaukar kaya daga wata tasha zuwa wata a cikin ƙasa ɗaya hakkin jiragen 'yan ƙasar ne. Jirgin waje zai iya kawo kaya daga Sin ya sauke a Legas, babu mai hana shi. Abin da aka hana shi shi ne ya ɗauki lodi a Legas ya kai Kalaba. Ka ɗauka kamar a ce motar da ta zo daga Nijar tana iya sauke fasinjojinta a Gombe, amma ba ta da izinin yin lodi daga Gombe zuwa Bauchi. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan doka, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙasar da ba ta da jiragenta da matuƙanta, ranar da yaƙi ko annoba ta zo, jiragen haya za su watse su bar ta. Akwai kuma aikin yi ga matasa, da kuɗin dako da zai zauna a gida maimakon ya fita da dala.

Ta Amurka ita ce ta fi kowace tsauri. An yi ta a 1920, ana kiranta Dokar Jones, da sunan Sanata Wesley Jones na jihar Washington. Sharuɗɗanta huɗu: jirgin ya zama an ƙera shi a Amurka, Amurkawa ne suka mallake shi, tutar Amurka yake ɗauke da ita, kuma Amurkawa ne ke aiki a cikinsa. Na farkon nan shi ne ƙashin bayan matsalar. Ƙera babban jirgin dako a Amurka yana cin ninki huɗu ko biyar na abin da zai ci a Koriya ta Kudu ko Japan ko Sin. Wanda ya sayi jirgi da wannan tsada dole ya fanshe a kuɗin dako, kuma ba zai yi gaggawar sauya shi ba ko ya tsufa. Shi ya sa ƙasa mai girman Amurka, manyan jiragen teku da suka cika sharuɗɗan nan ba su kai 100 ba.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau. Ɗan kasuwar da ke Texas, idan dakon jirgin ruwa ya yi masa tsada, sai ya saka kayansa a jirgin ƙasa ko tirela ko bututu. Dokar ba ta kama shi sosai, domin yana da ƙofofi da yawa. Mutumin tsibiran Hawai, wata jihar Amurka, fa? Tsakaninsa da gaɓar Kalifoniya akwai ruwa kusan kilomita 4,000, babu gada, babu dogo. Mafi yawan abincin da yake ci daga waje ake kawo shi, kuma kamfanoni biyu, Matson da Pasha, su ne ke riƙe da kusan duk dakon da ke tsakaninsa da babban yankin ƙasar. Doka ɗaya ce aka yi wa kowa, amma nauyinta ba ɗaya ba ne. Wanda yake da hanya ɗaya tak shi ne ke ɗaukar kayan duka. Wannan shi ne kashin dankali, kuma ba sai wani ya yi nufin zalunci ba, tsarin ne da kansa ke danne na ƙasa.

Labarin makiyayan Hawai zai fi shiga kunnen mutumin Gombe. Suna kiwon shanu, amma wuraren kiwon turka da manyan mahauta suna can babban yankin Amurka. Jiragen da aka ƙera musamman don dakon dabbobi na ƙasashen waje ne, doka kuma ta hana su ɗauka daga Hawai su sauke a Kalifoniya. Sai makiyayan suka riƙa loda 'yan maruƙa a jirgin waje zuwa Kanada, daga can a shigo da su Amurka a mota. Wasu har a jirgin sama suke tura su. Ka yi tunanin ɗan tike da zai kai shanu Legas, a ce masa sai ya fara ratsawa ta Kamaru kafin doka ta yarda.

Alaska ma, yankin Amurka da ke can arewa wanda Kanada ta raba shi da sauran ƙasar, tun farko ta yi kuka. Kafin 1920 'yan kasuwarta suna amfani da jiragen Kanada masu rahusa. Dokar ta rufe wannan ƙofa, ta mayar da su hannun kamfanonin Seattle, wato birnin jihar shi Sanata Jones ɗin. Suka kai ƙara, a 1922 Kotun Ƙoli ta ce kariyar da tsarin mulki ya ba tashoshin jihohi ba ta shafe su ba, domin a lokacin Alaska ba jiha ba ce. Sai a 1959 ta zama jiha. Wanda yake nesa da hanya, galibi yana nesa da wurin da ake yanke hukunci ma.

Puerto Rico ita ce aka fi kafa hujja da ita. Tsibiri ne na Amurka a tekun Karibiyan, kusan kashi 85 cikin 100 na abincinsa shigo da shi ake yi. A 2012 reshen Babban Bankin Amurka na New York ya fitar da rahoto cewa kai kwantena mai ƙafa 20 daga gabashin Amurka zuwa Puerto Rico yana cin dala 3,063, alhali irin wannan kwantena zuwa Santo Domingo ta Jamhuriyar Dominika da ke maƙwabtaka dala 1,504 ne, zuwa Kingston ta Jamaika kuma dala 1,687. Ƙasar da ba taka ba ta fi naka tsibirin sauƙin kaiwa. Sakamakon haka shi ne abin da masu dokar ba su yi tsammani ba: mutanen tsibirin sukan bar kayan Amurka su saya daga wata ƙasa, domin jirgin waje zai kawo musu da araha. Iskar gas ta ba da wutar lantarki shekara da shekaru daga Trinidad da wasu ƙasashe suka yi ta sayenta, alhali Amurka tana kan gaba a duniya wajen sayar da ita, saboda babu tankar iskar gas ƙirar Amurka da za ta kai musu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma ɓangaren rai. A ranar 1 ga Oktoba 2015 jirgin El Faro ya nutse a guguwa a hanyarsa daga Jacksonville ta Amurka zuwa San Juan, babban birnin Puerto Rico, mutum 33 da ke cikinsa duk suka rasu. Bincike ya ɗora babban laifi kan shawarar bin hanyar guguwa da sakacin kula da tsaro, don haka ba zan ce doka ce ta kashe su ba. Amma jirgin ƙirar 1975 ne, shekararsa 40 yana aiki, kuma duk wanda ya yi harkar mota ya san abin da ke sa mutum ya riƙe tsohuwar mota: tsadar sabuwa.

Sai dai ina so in yi wa dokar adalci, domin masu sukarta ma suna wuce gona da iri. Da guguwar Maria ta ragargaza Puerto Rico a Satumban 2017, an yi ta kiran a ɗage dokar, gwamnati ta ɗage ta na kwana 10. To amma a daidai lokacin dubban kwantenoni na abinci da magani suna jibge a tashar San Juan, babu direbobi, babu man gas, hanyoyi sun toshe. Kaya sun iso bakin ruwa, shiga da su cikin gari ne ya gagara. Haka Malesiya: a 2017 ta buɗe dakon Sabah da Sarawak, jihohinta da ke tsibirin Borneo, ga jiragen waje bayan shekaru ana ƙorafi, amma farashin kaya bai faɗo yadda jama'a suka sa rai ba. Dalilin kowane direban tirela ya san shi. Jirgi yana zuwa cike, yana komawa wayam. Idan babu lodin komawa, mai kayan zuwa shi ke biyan zuwa da dawowa, ko tutar wace ƙasa jirgin ya ɗaga. Ƙaramar kasuwa, tasha marar zurfi, da rashin abin da za a mayar, waɗannan suna nan ko an soke doka. Abin da dokar ke yi shi ne ta ɗora nata nauyin a kan wanda nisa ya riga ya ɗora, ta kuma rage masu gasa har su zama biyu ko uku. Inda masu dako suka zama 'yan kaɗan kuwa, haɗa baki ba ya wuya. A hanyar Puerto Rico ɗin nan sai da kotun Amurka ta ɗaure wasu manyan jami'an kamfanonin jiragen saboda haɗa baki wajen tsayar da farashi.

Yanzu mu dawo gida. Tamu dokar an yi ta a 2003 zamanin Obasanjo, ta fara aiki a 2004, kuma kusan kwafin ta Amurka ce: ƙirar Najeriya, mallakar 'yan Najeriya, rajistar Najeriya, ma'aikata 'yan Najeriya. Ta shafi gaɓar teku da kogunan cikin ƙasa, hukumar harkokin jiragen ruwa ta ƙasa, NIMASA, ce ke kula da ita. An yi ta ne bayan kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, ya durƙushe aka rufe shi a 1995. Niyyar mai kyau ce, ni ma na yi murna da ita a lokacin. Amma ba mu da wuraren ƙera manyan jirage, don haka tun ranar farko aka bar ƙofa: minista zai iya ɗaga ƙafa ga jirgin da bai cika sharuɗɗa ba idan babu na gida da zai yi aikin, bayan an biya kuɗi. Aka kuma sa harajin kashi 2 cikin 100 a kan kowace kwangilar dakon cikin gida, ana tarawa a wani asusu da aka ce za a ba 'yan ƙasa rance su sayi jirage. Kuɗin nan ya yi kusan shekara 20 ana tara shi masu jirage suna jiran ranar rabo. Ka ga mun ɗauki tsadar dokar, amfanin da aka yi ta dominsa kuma bai zo yadda ya kamata ba. Ɗaga ƙafa ya zama shi ne ƙa'ida, kuɗinsa da jinkirinsa kuma suna shiga cikin farashin kaya.

Ta ina wannan ke iso mu? Ta man fetur ya fi fitowa fili. Shekaru da dama babbar tankar da ta ɗauko mai daga Turai ba ta iya shiga Kalaba, domin mashigin tashar ba shi da zurfi. Sai ta tsaya a tsakiyar teku wajen Legas ko Lome, ƙananan tankoki su je su ɗebo su kai Kalaba ko Warri ko Fatakwal. Wannan gajeren zango a cikin ruwanmu yake, hayarsa kuma da dala ake lissafa ta. Daga Kalaba motocin tanka su kama hanyar Ikom, Ogoja, Katsina-Ala, Wukari, Jalingo, Numan, kafin su shigo Gombe. Na taɓa zama a Kalaba kwana 9 muna jiran wata ƙaramar tanka da takardar izininta ta maƙale. Direbobinmu suna kwana a ƙarƙashin motoci, sun shimfiɗa tabarmi tsakanin tayoyi, kowace safiya yaran mota su hura gawayi su dafa shayi, ni kuma waya ba ta daina ƙara daga masu gidajen mai a Gombe da Kumo da Bajoga. Kowace rana ta jira akwai kuɗinta: na jirgi, na mota, na abincin direba. Babu ko sisi da ya fito daga aljihun mai jirgin ko jami'in da ya riƙe takardar. Ɗan acaɓan da ya tsaya a layi a Jekadafari shi ya biya, bai kuma san sunan dokar ba.

A da akwai abin da ke ɓoye wannan bambanci. Asusun daidaita farashin mai, wanda aka kafa a 1975, yana biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa don farashin lita ya zo ɗaya a ko'ina. Da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin farko da NNPC ta fitar ya nuna lita naira 488 a Legas, naira 557 a Maiduguri. Tun daga ranar nisa ya fito tsirara. Yanzu da matatar Dangote ke aiki a Lekki, tambayar wane jirgi ne zai kai mai daga can zuwa Kalaba da Fatakwal, kuma nawa zai caja, ta ƙara zama tamu, domin in dakon ruwa ya yi tsada ko jirage suka yi ƙaranci, sai a koma ɗebo shi da mota tun daga Legas.

Batun kwantenarka kuwa, ba zan ruɗe ka ba: kabotej ba ita ce babbar mai cin kuɗinka kai tsaye ba. Canjin dala, kuɗin fito, kuɗin jinkiri a tasha, man gas, lalacewar hanya, da shingayen masu karɓar na goro tun daga Legas har Alkaleri, duk sun fi ta nauyi. Inda take taɓa ka shi ne ta abin da babu. Da akwai jiragen da ke zirga-zirga a kai a kai da kwantenoni tsakanin Lekki, Onne da Kalaba a farashi mai sauƙi, da kayan arewa maso gabas ba sai sun ratsa ƙasar nan kaf a bayan tirela, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ba. Jirgin waje da ya riga ya zo Legas, yana da gurbi a cikinsa, kuma Onne zai wuce, doka ba ta ba shi damar ɗaukar lodin gida ba sai da izini. Na gida da zai yi aikin kuma bai wadata ba.

Shi ya sa nake cewa Gombe tsibiri ce a kan tudu. Kakanninmu sun fi mu ƙofofi. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa Fatakwal. Akwai bututun mai daga Kaduna ta Jos zuwa daffon Gombe. A damina jiragen fito suna hawa Binuwai har Numan da Yola da Garwa ta Kamaru. Yau dogon ya yi shiru, bututun ya daɗe bai kawo mai yadda aka gina shi ya yi ba, kogin ya cika da yashi. Tashar Baro da aka ƙaddamar a kan Neja a Janairun 2019 ba ta zama abin da aka yi alkawari ba. Saura kwalta kaɗai. Da ambaliya ta karya gadar Namnai a hanyar Jalingo zuwa Wukari a 2024, duk mai harkar dako a yankin nan ya ji a jikinsa abin da mutumin Hawai ke ji idan jirgi bai zo ba.

Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa: ba na goyon bayan a soke dokar ɗungurungum. Ina so in ga ɗan Gombe da ya yi karatu a makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta Oron ya samu jirgin da zai hau, ba ya dawo gida da takarda yana tuƙa Keke Napep ba. Amma in ƙasa ta ga cewa mallakar jirage maslaha ce ta kowa, to kowa ya biya, a fili, daga baitulmali. Kada a ɓoye kuɗin a cikin farashin burodi da siminti na wanda ya fi kowa nisa. Wasu ƙasashen sun gane haka. Ostireliya tun 1976 take biyan wani kaso na kuɗin dakon teku ga masu kaya a tsibirin Tasmaniya, don kada ruwan da ke tsakaninsu da sauran ƙasar ya zama hukunci a kansu. Indunusiya ta tsaurara tata dokar a 2005, jiragenta na gida suka ƙaru ƙwarai, kuma ba ta ce lallai sai ƙirar gida ba, ana iya sayo jirgi a waje a sa masa tutar ƙasa. Duk da haka da ta ga tsibiran gabas irin su Papuwa suna shan tsada, a 2015 ta fara biyan jirage tallafi su riƙa zuwa can a kan jadawali. Filifin kuwa a 2015 ta yarda jirgin waje ya ɗauki kayan shigowa da na fita tsakanin tashoshinta. A wurinmu, sharaɗin ƙirar gida ya kamata a jingine shi har ranar da muke da masana'antar, kuɗin asusun nan ya isa hannun masu jirage na gaskiya, kuma duk hanyar da babu jirgin gida da ke binta a buɗe ta na wasu shekaru sanannu, ba izinin ɗaiɗai da ake bi ofis-ofis ana nema ba. 'Yan majalisarmu na Gombe da Bauchi suna ganin maganar jiragen ruwa ta mutanen kudu ce, shi ya sa ba ka jin muryarsu idan ana muhawararta. Wannan yana ci mini rai, domin mu ne ƙarshen layi.

Kai kuma, kafin ka yi odar kwantena ta gaba, ka sa wakilinka ya kawo maka farashi biyu, na saukewa a Legas da na Onne, kowanne haɗe da kuɗin tirela har ƙofar shagonka, domin arahar teku takan ɓace a kan hanya. Ka tambaya ko kamfanin jirgin zai rubuta takardar kayan kai tsaye zuwa tashar tudu ta Kaduna ko ta Dala a Kano, a yi fiton a can. Sannan ka leƙa Tudun Hatsi ka nemi masu tura riɗi ko waken suya kudu. Idan motar da za ta ɗauko tayil ɗinka ta sauka da lodinsu, kai da su kun raba kuɗin tafiyar, direba kuma zai sassauta maka fiye da yadda kake zato.